Takardar Awon Zafin Andrawus

A Tudun Fulani babu mai kiranta Alisabatu. Sista ake ce mata, kuma duk wanda ya yi gangancin kiran sunanta na baftisma sai ya maimaita sau uku kafin ta juyo. Gaskiya ne ta yi shekara goma sha huɗu tana aiki a wani asibiti a cikin Minna. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne aikin nata bokiti ne da tsumma. Ta share ɗakin marasa lafiya, ta goge ƙasa, ta kwashe fo ta zubar. Allura kuwa, ko ta ɗinki ba a taɓa miƙa mata ba. Amma da ta bar aikin sai ta fito da abu biyu: wani ɗan agogo da take maƙalawa a ƙirjin riga irin na nas-nas, da wani kallo da take yi wa mutane ta saman tabarau, kamar duk unguwar babu wanda ya wanke hannu.

Unguwa kuma ta karɓa hannu bibbiyu. Mai ciwon kai, a je wurin Sista. Mai ciwon baya, a je wurin Sista. Ita kuma ta duba agogon ƙirji, ta taɓe baki, ta ce ƙwaya biyu safe, biyu yamma. Ba ta taɓa sauya wannan fatawa ba, kuma tunda yawancin ciwon kai da kansa yake tafiya, sunanta sai ƙara girma yake yi.

Mijinta Andrawus makanikin injin jirgin ƙasa ne a Loko, wato ma'aikatar gyaran jiragen reluwe ta Minna, mutum mai sanyin hali, wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Shekara ashirin da shida da aurensu bai taɓa cewa a'a ga abin da ta miƙo masa ba, tuwo ne ko magana. Da daminar 1987 ya fara ramewa, ƙasan haƙarƙarinsa na dama ya kumbura ya yi tauri. Sista ta danna da yatsa biyu ta ce olsa ce. Wata biyu ana fama da olsar da babu ita, sai da likitan reluwe ya rubuta musu takarda zuwa Zariya.

Likitan da suka samu a can wani siririn Banufe ne mutumin Bida, Dakta Kolo. Bai yi musu kwana-kwana ba.

"Baba, ciwon daji ne a hanta," in ji shi. "Ba zan yi maka alkawarin warkewa ba. Amma akwai wani jan ruwa da za mu riƙa sa maka ta jijiya duk bayan mako uku, har sau shida. Idan jiki ya karɓa, kumburin zai ja baya, ka samu lokaci mai tsawo tare da iyalinka."

Sannan ya juya ga Alisabatu. "Mama, ke ce za ki kula da shi a gida, ki saurare ni da kyau. Ruwan nan hanta ce take tace shi, ga kuma halin da hantar take ciki. Yana rage sojojin jini masu yaƙi da cuta, yana rage abin da yake tsayar da jini in an ji rauni. Saboda haka ko ƙwayar ciwon kai kada ya sha. Ban da asfirin, ban da farasitamol. Asfirin zai tsinka masa jini, farasitamol zai ƙara wa hanta kaya, kuma dukkansu suna ɓoye zazzaɓi. Ga maganin ciwo na ruwa, shi kaɗai na yarda da shi. Ki auna zafinsa safe da yamma ki rubuta. Ranar da ya kai talatin da takwas, kada ki jira gobe, ki kai shi asibiti. In akwai zazzaɓi ba ma sa ruwan, sai mun fara maganinsa tukuna."

Alisabatu ta gyara agogon ƙirji don ya gani.

"Dakta, ai 'yar gida kake yi wa bayani. Shekara sha huɗu na yi a asibiti."

Daga wannan dogon jawabi magana ɗaya ce ta zauna mata a kai: in akwai zazzaɓi ba a sa ruwa. Zancen hana ƙwaya kuwa ta ɗauke shi irin abin da likitoci suke gaya wa mutanen ƙauye, waɗanda in an ce su sha biyu sai su haɗiye goma. Ba da ita ake ba.

Suna komawa Minna ta mayar da ɗakin Andrawus asibiti. Ta samo farar takarda mai kauri, ta ja mata layuka da rula, ta sayi jan biro, ta rataye takardar a ƙusa a kan gadon. Safe da yamma ta sa masa gilashin awon zafi a ƙarƙashin harshe, ta duba agogo, ta ɗiga jan ɗigo, ta haɗa shi da na baya. Ta yanke wa masu dubiya lokaci, daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Har fasto sai da ya wanke hannu a kwano kafin ya yi addu'a. Kada a zalunce ta, tana son mijinta, ta kuma rame saboda shi. Amma tana son a ga yadda take son nasa, kuma wannan na biyun ya fi ci mata lokaci.

Ana cikin haka sai ga Esta, yayar Andrawus, ta iso daga Kuta da ɗaurin doya a kafaɗa. Tsohuwa ce gajeriya, ba ta taɓa zama a aji ba. Ta yi gaisuwa da Gbagyi. Alisabatu, wadda da Gbagyi ta fara magana a duniya, ta amsa mata da Hausa, domin akwai matan zumuntar coci a tsakar gida. Dole tsohuwa ta koma Hausarta ta kasuwa.

"Yaya, mene ne wannan a kwalba?"

"Magani ne. Na ciki. Mai magani na Kuta ya ba ni."

Alisabatu ta ɗaga kwalbar sama don kowa ya ga saiwoyin da sassaƙen da suke iyo a ciki, ta taka a hankali har bakin kwata, ta tsiyaye ta tas. "Gidan nan ba daji ba ne," in ji ta. "A nan kimiyya muke bi."

A nan kam ta yi daidai, ko Dakta Kolo zai sa mata hannu. Sai dai ana iya zubar da kwalba a bayan ɗaki ba tare da an tara 'yan kallo ba. Esta kuwa ba ta koma Kuta ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ƙanenta. An hana ta ba shi ko ruwan sha, amma an bar mata shara da wanki da zubar da fo. Sista ta girmi wannan aikin yanzu.

Ruwa na farko ya shiga. Andrawus ya yi amai kwana uku, gashin kansa ya zube a kan matashi, sannan ya ɗan farfaɗo. Da suka koma na biyu, Dakta Kolo ya danna cikin ya ce kumburin ya fara laushi, ya kuma duba takardar ya ce rabon da ya ga an rubuta awo da tsabta haka har ya manta. Alisabatu ta maimaita wannan yabo ga duk wanda suka zauna kusa da shi a jirgi, daga Zariya har Minna.

Kwana tara bayan ruwa na biyu, da safe, gilashi ya nuna talatin da takwas da ɗigo shida.

Ta karkaɗe shi ta sake aunawa. Bai sauya ba. Ta tsaya da jan biro a hannu. Ta san abin da aka ce ta yi. Amma asibitin da za ta kai shi shi ne wanda ta yi shara a ciki, inda har yanzu akwai nas-nas da suka san ta da bokiti, waɗanda za su ce mata "Alisabatu, tsaya a waje." Kuma in labari ya kai Zariya za a ɗage ruwa na uku, ruwan da ya fara aiki. Kuma layin nan, wanda likita da bakinsa ya yaba, zai yi tsalle sama kamar na gidan da babu mai ilimi.

Ai ta san maganin wannan. Sau dubu ta gani tana riƙe da tsumma: zazzaɓi ya hau, a ba da ƙwaya biyu, a jira rabin awa, a sake aunawa, a rubuta. Masu zazzaɓin sauro ta ga ana yi wa haka. Ko duk zazzaɓi ɗaya ne, wannan ba ta taɓa tambaya ba, domin wadda take tambaya ai ba Sista ba ce.

Ta yafa gyale ta tafi kemis ɗin Ndagi a bakin titi.

"Sista da kanki? Ba dai Baba ba ne?"

"Ba ni katin farasitamol ɗaya da na asfirin ɗaya. Kai sayarwa ka iya, ni na san aiki."

Da ta miƙa wa Andrawus ƙwayoyin a tafin hannu, ya dube su ya dube ta. "Maman Mary, ba Dakta ya ce..."

"Dakta yana Zariya. Wa ya fi sanin jikinka, ni ko yaron da aka haifa shekaranjiya? So kake a hana ka ruwa na uku?"

Ya haɗiye. Bayan rabin awa gumi ya karyo masa, gilashi ya sauko talatin da bakwai, jan ɗigo ya zauna inda ya kamata. Har ciwon haƙarƙarin ya lafa. Maganin ruwan da likita ya bayar barci yake sa shi, masu dubiya su zo su tarar da shi baki buɗe. Ƙwaya kuwa zaune take barinsa, yana amsa gaisuwa. Matan zumunta suka ce wanda ya auri Sista ya more. Sai ta ajiye kwalbar likita a bayan akwati. Sau biyu a rana ya koma sau uku, ya koma sau huɗu, domin zazzaɓin kullum da wuri yake dawowa.

Esta ba ta iya karanta gilashi ba, amma ita take wanke kaya. Ta ga asuwakin Andrawus ya rine da jini. Ta ga abin da take zubarwa daga fo ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Ta ga tabo masu duhu a dantsensa inda babu abin da ya buge shi. Wata rana da hantsi ta faki ido ta ɗora tafin hannu a wuyansa, ta fito ta tare Alisabatu a bakin murhu.

"Maman Mary, jikinsa yana zafi. Hannuna ya fada mini."

Alisabatu ta dube ta ta saman tabarau. "Yaya, hannun tonon doya ne zai koya mini zafi?" Ta shiga ta ciro takardar daga ƙusa ta miƙa mata har hanci. "Ga shi. Karanta."

Esta ta dubi jan layin, miƙaƙƙe kamar titin jirgi, ta koma kan tabarmarta.

Ranar ruwa na uku Esta ta ɗaure zani ta ce da ita za a je, kuma duk tsawar da aka yi mata ba ta motsa daga bakin ƙofa ba. Andrawus da ƙyar ya hau jirgi, mutum biyu suka tallafa masa. Da aka tsaya a Kaduna, Alisabatu ta taɓa goshinsa, ta duba agogo, ta lissafa tafiyar da ta rage, ta ƙara masa biyu.

Dakta Kolo ya karɓi takardar. Kwana ashirin da ɗaya, safe da yamma, babu ɗigon da ya kauce. Wannan karon bai yaba ba. Ya ajiye ta a kan tebur, ya ɗaga leɓen Andrawus ya duba dasashi, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya riƙe wuyan hannunsa ya daɗe. Ya sa aka ɗebi jini da gaggawa, kuma wurin da allurar ta shiga ya ƙi tsayawa sai da nas ta danne da auduga minti goma. Da sakamako ya dawo ya kira su su uku.

"Sojojin jininsa sun kusa ƙarewa. Cuta ta shiga jinin, yana kuma zubar da jini ta ciki. Hantar ta fi yadda na bar ta lalacewa nesa ba kusa ba. Wannan ba na jiya ba ne. Mai irin wannan ba zai yi kwana goma babu zazzaɓi ba." Ya buga takardar da yatsa. "Me aka ba shi?"

Ko numfashi Alisabatu ba ta ja ba. Ta nuna Esta.

"Dakta, tambayi wannan. Daga Kuta ta zo da kwalbar saiwoyi. Wa ya san abin da take ɗura masa in na tafi kasuwa?"

Likitan ya juya ga tsohuwar rai a ɓace. Ya sha ganin irin haka, kuma Esta ta yi kama da duk waɗanda ya gani, ƙafa da faso, zani ya koɗe. "Mama, me kika ba shi? Ki faɗa mini gaskiya, ransa ne."

Esta ta miƙe tsaye. "Likita, nawa ta zubar a kwata. Ko cokali daya bai sha ba. Naka kadai ya sha, kuma bai bar ko daya ba. Ga shi na kawo maka."

Ta fara kwance bakin zaninta.

A wajen su Esta, mai magani ba ya ba ka sabo sai ka mayar masa da ragowar saiwar da aka dafa, ya ga da idonsa cewa an sha. Ta ɗauka likitan Zariya ma haka yake. Tun ranar da ta fara ganin fankon katin ƙwaya a bayan gado wajen shara, sai ta riƙa tsincewa, tana miƙar da su da babban yatsa, tana ɗaurewa. Ba tonon asiri ta zo yi ba. Tsoronta kada likita ya ce ba a bi umarninsa ba ya hana ƙanenta ruwa na uku. Ta zazzage su a kan tebur, a kan farar takardar, suna ƙyalli.

Dakta Kolo ya riƙa jan su ɗaya ɗaya da bakin biro. Kati bakwai, kowanne mai ƙwaya goma, kowanne babu ko ɗaya a ciki. 

Andrawus ne ya yi magana, muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Dakta, ni na roƙe ta. Ciwon ne ya yi mini yawa."

Ƙarya ce, kuma duk wanda yake ɗakin ya san ƙarya ce. Da zagi Andrawus ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Likitan bai ɗaga murya ba.

"Mama, zazzaɓin nan shi ne kaɗai hanyar da jikinsa yake da ita ya gaya mana cuta ta shiga. Da kin kawo shi ranar farko, allurai ne na mako ɗaya."

"To, ruwa na uku fa?" in ji ta. Har a lokacin abin da ta iya tambaya ke nan.

"Babu ruwa na uku."

Aka kwantar da shi, aka ƙara masa jini leda biyu, aka yi ta allurai. Alisabatu ta zauna a kujerar gefen gado ba ta ci ba ta sha. Kullum da safe wata mata mai bokiti da tsumma ta zo ta ce, "Madam, ɗaga ƙafa," ta ɗaga. A rana ta huɗu, wajen azahar, Andrawus ya rasu, hannunsa ɗaya a cikin nata, ɗaya a cikin na yayarsa. Ta yi kuka na gaske, wanda babu 'yan kallo a cikinsa.

Amma a Tudun Fulani 'yan kallo suna jira. Tun kafin a sauke akwatin gawa unguwa ta gama bincike ta yanke hukunci. Sista ta yi iya yinta, kowa shaida ne. Saiwoyin Kuta ne suka kashe shi. Ai an ga kwalbar da ido. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a rumfar zaman makoki Ndagi ne mai kemis, yana girgiza kai yana cewa jahilci ya fi ciwon daji kisa. Mata suna shigowa su rungume Alisabatu, su wuce Esta kamar turmi aka ajiye a wurin.

Alisabatu ta ji duka. Kalma uku za ta faɗa, "Ni na jawo," zancen ya mutu. Kwana bakwai tana zaune cikin baƙaƙen kaya, agogo maƙale a ƙirji, tana buɗe baki tana rufewa, kuma kullum abin da yake fitowa shi ne, "Na gode, sai haƙuri."

A rana ta takwas Esta ta naɗe tabarmarta ta ɗaure 'yan kayanta. Ta zo gaban Alisabatu a tsakiyar mata, ta kwance bakin zani, ta ciro wata takarda a ninke huɗu. Ta ɗauko ta ne daga teburin likita ranar da kowa ya manta da ita. Ta warware ta ta ɗora mata a cinya, jan layin yana nan miƙe. Wannan karon ba ta wahalar da kanta da Hausa ba. Da Gbagyi ta yi magana, a hankali, yadda Alisabatu kaɗai za ta ji.

"Ki adana ta. Kin kula da ita sosai. A gidan nan ita kaɗai ce ba ta taɓa yin zazzaɓi ba."

Ta saɓa kayanta a kafaɗa ta fita, ta nufi tashar motar Kuta, babu wanda ya raka ta ko zuwa bakin titi. Wata daga cikin matan ta matso ta dafa Alisabatu.

"Sista, me tsohuwar nan ta ce miki?"

Alisabatu ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Cewa ta yi na yi ƙoƙari."